Kwabban da ke bakin birgin Baffa

Mun tashi da asuba daga Gwadangaji ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da abokin aikina, wani ɗan Kano da muke koyarwa tare a Birnin Kebbi. Shi ya rataya kyamararsa, ni kuwa na jefa sabuwar reza cikin aljihu. Ku riƙe rezar nan a rai, don ita ta ja mini abin kunyar da zan ba ku labarinsa.

Bari in fara gaya muku cutar da ke damun mu biyu. Tun da aka canja kuɗi aka kawo naira da kobo muka kamu da tara tsofaffin kuɗin zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo mai huji, sisi, sule. Kowa da kwalinsa da ya yi wa ramuka yana jera su. Kullum gardamarmu a ɗakin malamai ita ce wane gari ne cibiyar wannan harka. Shi ya ce daga Landan, inda ake gwanjonsu, sai Kano, don a kasuwar Kurmi akwai masu baza su a tebur. Ni in ce Legas ta fi, don can baƙi ke sauka su saya. Abu guda muka yarda da shi: jiharmu ta Sakkwato ba ta cikin lissafi. Da bakin nan nawa nake cewa mutanenmu ba su san darajar tarihi ba.

Rami ɗaya ya rage a kwalina, na kwabon sarkin Ingilan nan da bai cika shekara a kan sarauta ba. Sai na tuna da Baffa, wan mahaifina, masunci a Argungu. Yana da tsohon birgi, ragar nan mai zagaye da ake jefawa ta buɗe a sama ta faɗa kan kifi. Sauran masunta darma suke ɗaura wa bakin nasu don nauyi, shi kuwa kwabbai masu huji ne, huɗu-huɗu a kowane ƙulli. Ban gaya wa ɗan Kano wannan ba. Cewa na yi ya zo ya ga gulbi.

Akori-kura muka samu a tasha, naira biyu kowa, aka cusa mu tsakanin buhuna da wata akuya da ta ɗauki takalmina abin karin kumallo. A Ambursa direba ya tsaya wai zai duba ruwa, ashe ƙosai ya hango. Mu ma muka sayi na kobo goma, da zafinsa, yajin ya sa ɗan Kano hawaye. Daga nan fadama ce hagu da dama, an yanke shinkafa, mata na sheƙa a bakin hanya. Tun kafin mu ga Argungu warin albasa ya gaya mana mun iso.

Baffa ya tarbe mu a zaure yana dariya. "Yau malamin boko ya tuna da mu," in ji shi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi ƙarfasa, muka ci har ɗan Kano ya daina maganar Kano. Da ya hango birgin a rataye jikin bango, sai ya roƙi Baffa ya bari ya ɗauke shi hoto yana jifa. Baffa ya ji daɗi, don duk unguwar an san ba mai buɗe birgi kamarsa, ko da yake yanzu samari sun fara raɗe-raɗin wai hannunsa ya gaji. Ya ce bayan la'asar za mu gangara.

To, ga inda na ɓata. Da aka kira azahar na ce su yi gaba, zan sake alwala. Suna fita na sauke birgin. Kwabban duk sun yi kore, sunan sarki ba ya karantuwa sai an wanke, kuma ba ni da lokaci. Sai na sa reza na yanke ƙulli goma sha biyu a jere, na zuba a aljihu, na naɗe wurin ciki na mayar. Me ya hana ni roƙo? Girman kai, wallahi, da rowa. Ban son Baffa ya yi mini dariya, ban kuma son ɗan Kano ya ce a raba. Na ce a raina, a cikin ɗaruruwan kwabbai wa zai lura? Jam'in ma ban samu ba.

Bayan la'asar muka gangara gulbi. Masunta da yawa na bakin ruwa suna gyaran raga, da suka ga kyamara suka taso kallo. Baffa ya ɗauki birgin ya jera shi a kafaɗa. Na ga ya ɗan dakata, ya gwada nauyinsa a hannu, ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya shiga ruwa zuwa gwiwa ya jefa.

Birgin bai buɗe ba. Gefe guda ya tafi, gefen da na yi wa aski ya naɗe, duka ya faɗa ruwa a dunƙule kamar wanki. Samarin suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Baba, ka bar muna aikin ga hakanan!" Baffa ya jawo birginsa a hankali, ya yi murmushi ya ce, "Tsuhwa ne. Hannu ya ƙi. Yau kam na yarda, sai in rataye shi."

Ya Allah! Kwabban suka yi mini nauyi a aljihu har na ji kamar rigar za ta yage. Mutumin da bai da gona mai yawa, bai da sarauta, abin da yake taƙama da shi a duniya jifan nan ne, na sa ya sallama shi a gaban yara. Na yi ƙoƙarin yin shiru, na kasa. Na fito da su na zube a kan yashi na ce, "Baffa, ba hannunka ba ne. Ni na yanke, ina neman kwabon wani sarki."

Ɗan Kano ya sauke kyamara. Baffa ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Na sani. Birgin da ni da ubanka munka ɗaura da hannunmu, in ɗauka in kasa jin ya rage? Mi kaka so in ce gaban baƙonka? Ɗana ɓarawo ne?"

Ya ba ni zare ya ce in mayar. Na zauna a yashi, ɗan masunci, malamin makaranta, ƙullin ya gagare ni. Sau uku ina ɗaurawa yana zamewa, samarin na kallo. Daga ƙarshe Baffa ya karɓa ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ruwa ya jefa, birgin ya buɗe zagaye kamar faifai. Wannan hoton ɗan Kano ya samu.

Washegari muka kamo hanya. Ɗan Kano ya yi mini kara, bai tayar da zancen ba. Abin da na koyo kuwa shi ne, shekara da shekaru ina lissafa Landan da Legas, alhali ga inda ake adana kwabo da gaske, a bakin gulbinmu, yana ciyar da gida. Kwalina bai taɓa ciyar da kowa ba.

Da na iso gida, maiɗakina ta kwance ƙunshin busasshen kifin da Baffa ya ba ni, sai ga ƙulli guda na kwabbai huɗu an wanke su tas da tsamiya. Na biyu daga sama shi ne na sarkin da nake nema. Har yau ramin na nan a kwalina. Na kasa sa reza a zaren.