Rumbun Kawu a Kwaya

Ana sallame sallar asuba muka bar Zinder, ni da direba da wani Ba'amurke mai kawo labarai a talabijin ɗin ƙasarsu, da mai ɗaukar masa hoto. Farin da ya cinye mu bana ya zo gani. Ni ma ɗan jarida ne, na rediyo, amma tafinta aka ɗauke ni.

A Magarya muka sha furar dala biyu, ruwa ya fi gero yawa. Ba'amurken ya shanye har da lasar ludayi, ƴan kasuwa suka ɗauki tafi. Shekara nawa ina shan furar nan, ba wanda ya taɓa tafa mini! Hanyar Dungas rairayi ne zalla, sau uku muna tura mota, shi Ba'amurken yana gefe yana taje gashi. Wai daga ɗan aike ya fara, yanzu kowane gida a ƙasarsu an san fuskarsa. Ni ko matata sai na faɗi sunana take gane muryata.

Kwaya nake ɗoki, garin kawuna. Na sha kai masa rekoda ya faɗi halin da ake ciki, ba ya wuce "Alhamdulillahi." Na ƙudurta wannan karon sai na riga baƙo samun muryarsa.

Muna gama gaisawa Kawu ya ce, "Ɗana, shiga ka gai da innarka. Direba ya fassara."

Ta saman danga na hango shi ya ɗage jinkar rumbu, rumbun da ko ƴaƴansa ba sa leƙawa, kamara ta leƙa. Ya daɗe yana magana. Kishi ya turnuƙe ni, wallahi har idona ya yi ja.

Da za mu tafi na ce, "Kawu, ni ne ban isa ba?"

Ya ce, "Shi gobe ya haye ruwa da abin da ya gani. Kai kuwa da wane ido zan dube ka ranar salla?"

Washegari da la'asar muka dawo Zinder. Sai a ƙofar gidana direba ya gaya mini ba komai a rumbun sai ƙaiƙayi, har irin shuka an ci. Labarin ya tafi Amurka, ban samu ko kalma ɗaya ba, kuma har yau abin yana cina. Amma tafiyar ta nuna mini kaina. Rabin yini na zauna gaban Inna ina cika ina batsewa, ban ko lura cewa ba a hura wuta a murhunta ba.