Saura Littafi Biyu, Dakta Nata'ala

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, 8 ga Fabrairu 1994, ana saura 'yan kwanaki azumi, Allah Ya karɓi ran Dakta Nata'ala Uwaisu, masanin teku, a gidansa na Plumstead, bayan ciwon zuciya na 'yan sa'o'i. Ina riƙe da jikata Hamdatu, 'yar mako biyu, aka bugo mini waya. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na dubi fuskar yarinyar sai in ji kamar in fita in shaida wa duk Thamesmead don murna, in na juya na ga littattafan nan biyu da ka bar mini, Dakta, a kan tebur sai kunya ta rufe ni.

Dakta, da yawa a wajen jana'iza ba su san abin da ya haɗa ka da tsohon mai wanke bas ba. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga makarantar yamma a Woolwich, domin na gaji da kai wa 'yata Awabu wasiƙun council, wato hukumar unguwa, ta karanta mini. Wata rana ka gan ni a masallaci ina bin takardar lokutan salla da yatsa. Ka tsaya har na kai ƙarshe, ba ka taya ni ba. Bayan mako guda sai ga ka a gidana da kwali.

Littattafai goma sha ɗaya ne a ciki, gishiri ya ci gefensu. Ka ce wani mai gadin tashar jiragen ruwa ne ya rubuta su, a wani ƙaramin tsibiri na Tekun Indiya. Shekara arba'in, kullum sau biyu, yana duba sandar awo da aka kafa cikin ruwa yana rubuta inda teku ya kai. Ya rasu, 'yarsa Eunice ta ba ka aro. Rijiyoyin garinsu sun koma zartsi, ruwa yana shiga makarantar yara, amma duk inda suka nemi a taimaka musu da katangar tare teku sai a ce su kawo hujja. Hujjar tana cikin littattafan, sai dai a kwafe lambobin fes kafin taron ƙananan tsibirai na watan Afrilu.

Ka ce ni kake so in kwafe, na ce ka ba ɗalibanka. Ka ce, "Baba Saani, ɗalibaina sun cika sauri, in lamba ta dushe sai su cike ta da ka. Kai ba ka koyi wannan ba tukuna."

A littafi na bakwai lambobin suka yi tsalle, kamar teku ya tashi taki guda cikin mako ɗaya. Da ka kai su haka, da masu ba da taimako sun firgita. Ni kuwa da yake ba na tsallake komai, na ga ɗan rubutu a gefen shafi: guguwa ta karya sandar, an kafa sabuwa ƙasa da ta da. Na nuna maka ina fargabar na ɓata maka aiki. Sai ka cire takin nan gaba ɗaya. Ka ce mutanen da ruwa ke ci wa gida ba sa bukatar a ƙara musu komai, abin da ya rage ya isa. A ranar ka saya mini tabarau.

Sai Hamdatu ta zo, na ajiye alƙalami. Ranar suna ka yi mata addu'a, ka ja ni gefe ka ce, "Ango, saura biyu fa." Na ce amaryata ta hana ni aiki. Ka yi dariya, ka ce in gaya wa Eunice haka da bakina. A makon ka bugo waya sau biyu, na sa aka ce na fita. Wannan ne yake hana ni zama, Dakta. Ka yafe mini.

Shekaranjiya na koma gaisuwa, mai ɗakinka Hajiya Luba ta ce za a zo daga wajen aikinka a kwashe takardu, in kawo na wajena. Na roƙe ta ta bar mini zuwa ƙarshen azumi.

"Baba, in ka gama wa zai karɓa?" in ji ta.

Na nuna mata adireshin Eunice da rubutun hannunka. Yau da safe na jefa mata wasiƙa, ta farko da na taɓa rubutawa zuwa wata ƙasa. Ban san ko za ta isa a kan lokaci ba, ban kuma san wanda zai tashi a taron ya yi bayani kamar kai ba. Amma na buɗe na goma, na yi shafi shida, Hamdatu tana barci a gefena.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Hajiya Luba da 'ya'yanka da sauran dangi na nan da na gida haƙurin wannan rashi. Ya kare mutanen tsibirin nan da gidajensu. Ni kuma Ya ara mini kwana da ido in gama abin da ka bar mini. Amin.

Saani Masawudu, Thamesmead