Farar rigar Baba Kanon

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida na dama koko, na kai wa Baba Kanon nasa ƙofar ɗaki. Ya ce yau za mu fara rubuta wasiƙa, kada in makara.

Bari in gaya muku ko wane ne. Bahaushe ne ɗan Wusasa, babban limamin cocin Angilika. Shekara arba'in ya yi yana aiki, daga Zariya zuwa Jos zuwa Kano, har suka ba shi muƙamin Kanon. Da ya tsufa ya biyo 'yarsa Lome. Ita tana aure a unguwar Kodjoviakopé, shi kuwa ya kama ɗaki a gidanmu a Zongo, unguwar Hausawa, wai yana so ya farka ya ji Hausa. Mu mata tara yake koya wa boko. Na haura arba'in kafin in riƙe alli. Limamin unguwa ya yi gunaguni, na ce to ya zo ya koya mana da kansa.

Bakwai da rabi muka ji ruri daga bakin titi. Kwanuka suka soma kaɗawa a kan kanta. An daɗe ana cewa gwamnati za ta tashe mu daga Zongo, ba wanda ya yarda. Sai usur. Sai motocin sojoji, katafila biyu na biye.

"Degaje! Degaje!" Sojoji ke ihu da Faransanci, wato mu fice.

Gidan mahauta ya fara faɗuwa. Kwanon rufi yana ƙara kamar ana yanka shi. Inna, mahaifiyata, tana kwance a ɗaki, shekara uku ba ta taka ƙasa ba.

Ƙarfe takwas Baba ya fito cikin farar doguwar rigarsa ta coci, da farin abin wuyan nan. Na gane nufinsa. Ya sha ba mu labarin yadda ya tsaya ƙofar coci da ita lokacin tashin hankali a Arewa, mutane cike a bayansa, masu adduna suka juya. Ya yarda da rigar nan. Amma can an san ta. Nan kuwa sojan da ya nufo gidanmu bai ga komai ba sai wani tsohon Zongo da farar riga. Baba ya tare ƙofarmu, ya ɗaga hannu, yana Ingilishi yana Hausa. Faransanci ko kalma ɗaya ba shi da ita.

"Hajara, ɗauko Inna!" ya ce da ni.

Na goya ta. Ina fita ta ƙofar baya na ji gindin bindiga ya sauka. Sau biyu. Kamar ana fasa kwakwa. Ban waiwaya ba. Kada kowa ya tambaye ni dalili, mutum ɗaya bayana yake ɗauka.

Muka yi arewa a ƙasa. Azahar ta same mu a unguwar Cacavéli, ƙafata ɗaya ba takalmi. Inna tana ta tambaya a kunnena, ina Baba, ina Baba. La'asar muka zube a wani fili da hukuma ta ware mana, ba rijiya, ba inuwa.

Kwana tara ni da 'yarsa muna bin asibitoci. Ba shi, ba gawarsa, ba rigar.

Inna ta ƙara shekara shida a duniya. Cikin mu tara, ni kaɗai na ci gaba da karatu. Wasiƙar ban rubuta ta ba. Har yau in na dama koko, sai na raba wa kowa nake ganin saura kofi ɗaya a tukunya.