Yadda Jarumin Ƙanena Ya Fito daga Rijiya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Babura daga Kano, ni da ƙanena. Ni ragon suna zan saya, an yi mini haihuwa. Shi kuwa jawo shi na yi, don Hajiyarmu ta ce lallai in fitar da shi ya sha iska.

Bari in gaya muku dalili. Ƙanen nan nawa shi ya rubuta labarin wani fim na jarumta, na makiyayin da ke bin sawun ɓarayin shanunsa. Kashi na ɗaya ya karɓu sosai. A ƙarshensa ɓarayin suka jefa jarumin a tsohuwar rijiya suka yi gaba. Da kashi na biyu ya fito, sai ga mutumin a bakin rijiya yana kakkaɓe riga, ba igiya, ba wanda ya jawo shi. Jama'a suka yi wa yaron nan ca a waya. Wasu suka ce aljanu ne suka ɗago shi, wasu suka ce ashe rijiyar bene ce mai matakala. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi dariya. Shi ko ya kashe wayarsa mako uku, ya ce ya bar rubutu har abada, ga darakta yana jiran kashi na uku kafin ƙarshen wata. Abin da ya fi cin ransa shi ne, shi kansa bai san ta yadda jarumin ya fito ba. Ya jefa shi, ya rasa dabarar ciro shi, sai ya tsallake wurin. A yankin da za mu aka ɗauki fim ɗin, amma shi bai taɓa taka wurin ba. A ɗaki ya rubuta ya miƙa.

Kaka ce, hanya gwanin daɗi. Dama da hagu dammunan gero ne a tsibe, mata na sussuka a bakin gona. Kuɗin mota kam ya tashi, har sai da na tambayi kwandasta ko da kujerar zai sayar mini. A Kanya Babba muka tsaya muka sha koko da ƙosai mai zafi. Ƙanena ya ci guda biyu ya ture, ni na rufa masa asiri na cinye sauran.

A kasuwar dabbobi ta Babura na sami rago mai kyau, bayan dillali ya rantse mini da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Mutanen Nijar sun cika kasuwar, ana ciniki rabi da naira rabi da sefa. Da muka zauna a rumfa shan ruwa, sai tsokanata ta motsa, na tambayi dillalan ko sun ga kashi na biyu. Ashe na taɓo musu inda yake yi musu ƙaiƙayi. Su rijiyar ba ta dame su ba, bijimin ne. Wanda aka sace a kashi na ɗaya ƙahonsa na hagu a lanƙwashe yake, wanda jarumin ya ƙwato a na biyu kuwa ƙahoninsa a miƙe. Wani ya ce shi ya san bijimin farkon, da hannunsa ya sayar da shi da Babbar Sallah. Wani dattijo ɗan Nijar ya yanke hukunci cewa tunda jarumin ya koro bijimin da ba nasa ba, to yanzu shi ma ɓarawo ne. Rumfa ta kwashe da dariya. Ƙanena ya ja hula ya rufe goshi.

Na ba wani direba sanina ragon ya wuce mini da shi gida, mu kuma muka nufi Kazaure. Da la'asar muka shiga, duwatsun garin sun yi ja da hasken rana. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke mu, ko tambayarsa ban yi ba, ya nuna mana wani dutse ya ce nan ne jarumin fim ɗin nan ya shiga ta baya ya ɓulla a kasuwar Babura ko gumi bai yi ba. Ya ce don Allah in mun san masu fim ɗin mu roƙe su su nuna masa hanyar, mai ya yi tsada. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka a wurin wata mai abinci 'yar kudu, wadda Hausa ta zauna a bakinta daram. Ita nata ƙorafin, mutum ya kwana uku yana faɗa da ɓarayi ba a nuna ya sa ko loma ɗaya a baki ba. A gidan wani abokina muka kwana.

Da hantsi muka hau babur zuwa Roni. Hanyar akwai gargada, amma ido yana hutawa da ganin gonaki da tuddai. A inuwar wata tsamiya muka tarar da manoma suna ɓarar gyaɗa, suka ɗebo mana. Wani a cikinsu ya ce a kashi na ɗaya geron gonar da aka yi faɗan ko kai bai fitar ba, a na biyu aka rubuta "Washegari", sai ga gona an girbe tas. Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba su irin geron nan mai nuna a kwana ɗaya. A nan na ji ƙanena ya yi dariya, karon farko cikin mako uku. Da muka tashi ya ce mini mutumin nan ya haddace fim ɗin fiye da shi.

A Gwiwa gwaggonmu muka je wa da albishir ɗin haihuwa. Ta dama mana fura da nono mai kauri, ta yi ta yi mini faɗa wai na rame. Bayan gidanta wani dattijo yana haƙa mata sabuwar rijiya, ta kai gaba uku, ba a cim ma ruwa ba tukuna. Muna tsaye sai muka ga ya fito daga ciki, ba igiya a hannunsa. Ƙanena ya zaro ido. Muka gaishe shi, na ce, Baba, ai yanzu ka yi mana irin na jarumin fim ɗin nan da ake ta zagi.

Ya ce ya gani a wayar jikansa, kuma masu zagin ba su taɓa leƙa rijiya ba. Ya nuna mana ramukan sa ƙafa da masu haƙar rijiya ke sarewa a bango tun suna haƙa. Ka jingina bayanka da ɓangare ɗaya, ka tokare ƙafafu a ɗayan, ka riƙa hawa a hankali. Rijiyar da aka yi fim ɗin ma ya san ta, sau biyu yana yashe ta, ramukan suna nan.

"Fitowa kam zai fito," in ji shi. "Ƙaryar tasu ɗaya ce. Sun fito da shi da takalmi, riga fara fes. Da takalmi ba a hawa."

Ƙanena ya durƙusa ya ce, "Baba, ni na rubuta."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "To cire naka, ɗana, ka shiga ka gani."

Ni dai ban so ba, ba zan ɓoye muku ba, don Hajiya ni ta damƙa wa amanarsa. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu saboda tsaro, na riƙe ta tamau. Ya sauka. Hawowar ta ɗauke shi lokaci, yana nishi, dattijo na gaya masa inda zai sa ƙafa, gwaggo na salati. Ban ja igiyar ko sau ɗaya ba. Ya fito yatsun ƙafa a kuje, bayan rigarsa ja wur da ƙasa, kafaɗa a yage, baki har kunne.

Kafin magariba muka iso Kano. A mota ya ƙwace mini biro, ya cika bayan takardar shagona da rubutu: ƙahon bijimi, geron Roni, loma ɗaya ta tuwo. Abin da tafiyar nan ta koya mini, mai ƙirga maka kurakurai ɗaya bayan ɗaya ya kalli aikinka da idon basira, kuma wanda zai rubuta labarin wuri ya fara zuwa ya taka shi. Na dawo da rago, na dawo da ƙanena, raina fari.

Hajiya na ganin rigar ta ce ya tuɓe a jiƙa ta tun kafin ƙasar ta kama. Ya ninke ta a hankali ya sa a jaka.

"A bar ta haka, Hajiya. Ita jarumin zai sa a kashi na uku."