Bukar Sol da Fayafayan Yagana

Duk wanda ya zauna a Haɗeja ya taɓa ganin Bukar Sol da lemarsa. Rana tana tsaka, kowa na neman inuwa, shi kuwa zai taho daga tasha ya buɗe lema ya karkata ta gefe, ya rufe faifan garmahon da ke hammatarsa, sanƙon kansa na ta ƙyalli a fili. In ka yi masa magana sai ya ce ai kai ba ya lanƙwashewa, faifai kuwa in rana ta taɓa shi ya tafi ke nan. Na sha gaya masa kan ma ya daɗe da lanƙwashewa, shi ne bai sani ba.

Ina da ikon faɗa masa haka. Ni ce Indo, taubashiyarsa. Babana da innarsa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko da ya ba ni shekara goma, bawana ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban 'yanta shi ba.

A ƙuruciyarsa direban babbar mota ne, yana dakon bandar kifi daga nan zuwa Kudu. Can a Legas ya ji wani kiɗa na baƙaƙen Amurka da ake kira sol, shi ke nan kuwa, ya kamu. Sauran direbobi su dawo wa iyali da atamfa da agogo, shi ya dawo da faifai. Kwando guda na banda ya taɓa bayarwa a kan faifai ɗaya ɗan mitsitsi, wanda ko murfin kwano bai kai ba. Matarsa Yagana, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce a shekarun farko in ta ji tsayuwar mota takan leƙo ko an tuna da ita, daga baya ta daina leƙowa. Ita dai ta riƙe saƙarta ta faifan kaba, irin wanda muke rufe ƙwarya da shi, ta jera su a bangon ɗakinta, ja da kore da ruwan ɗorawa. Gida ɗaya, faifai iri biyu, kowa da nasa.

Sunan Sol ma sai da ya jawo masa baƙi. Wani mutum daga ƙauye takalminsa ya ɓalle a kasuwa, ya tambayi mai gyaran sol ɗin takalmi, 'yan tasha don shaƙiyanci suka nuna masa gidan Bukar. Bukar bai ce masa ya yi ɓatan kai ba. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya sa masa faifai, bawan Allah ya zauna riƙe da takalmi har aka cinye fuska biyu. Sannan ya raka shi bakin ƙofa ya ce, "To, yanzu ka ji sol na gaskiya. Bi nan ka sha kwana, a gyara maka na ƙarya."

Kowace Lahadi bayan la'asar majalisa take ci a zaurensa. Tsoffin direbobi ne su biyar ko shida, da batirin mota a gefe saboda wuta ba abin dogaro ba ce. Dokokin wurin sun fi na asibiti. Sai ka wanke hannu kafin ka zauna, ko da ba za ka taɓa komai ba. Ba a cin gyaɗa, ba a ɓare goro. In faifai ya ƙare sai an jira allura ta huta, wai ita ma 'yar halak ce, tana gajiya. Maƙo ne kawai, allura ɗaya ya so ta kai shi kabari. Amma wallahi in kiɗan ya tashi, sai ka ga abin mamaki. Dattawan nan masu furfura, waɗanda gwiwa ta hana su tsugunno, kowa ya lumshe ido, kafaɗu kaɗai ke rawa. Bukar kuwa yana tsaye da yatsa ɗaya a sama, ya san inda ƙaho zai shigo, ya san inda mawaƙin zai ja numfashi. Ni da nake leƙe daga tsakar gida don in sami abin tsokana, sau da yawa sai in manta abin da ya kawo ni.

Shi ne kuma tafinta, da Turancinsa na tasha. Kowace waƙa aka sa, sai ya ce wannan matarsa ce ta yi yaji yake biko. A sa wata, ya ce wannan ma yaji ne. Na ce kai Bukar, su matan Amurka ba sa zaman gida ne? Da 'yarsa Falmata ta zama malamar Turanci, na sa ta ta zauna ta saurara musamman don mu kama shi. Yarinyar nan ta ji faifai bakwai ta fito tana dariya, ta ce Gwaggo, shida a ciki yaji ne.

Falmata ce dai ta taɓa nuna masa waya, ta ce Baba ka huta da lema, duk waƙoƙin duniya suna cikin nan. Ya faɗi ɗaya, ta samo. Ya faɗi wata, ta samo. Sai ya tashi ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya buɗe akwati ya ɗauko ɗan faifan nan na kwandon banda, mai jan tambari a tsakiya, ya ce ta nemo wannan. Ta yi nema har wayarta ta yi zafi. Ta tura wa ƙawayenta na Kano, suka tura wa wasu masu tara irin wannan kaya a ƙasashen waje. Amsar da ta dawo ita ce sun taɓa jin labarinsa, amma ba wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Wata mata ce ta rera, muryarta kamar mai kuka tana ƙoƙarin ɓoyewa. Tun daga ranar na daina yi masa ba'a a kan jan faifai. Abin da duniya ta nema ta rasa, ga shi a akwatin bawana, yana warin kifi.

To, sai shekarar da kogi ya ɓalle ya ci unguwarsu. Ranar Bukar ya tafi ta'aziyya Jahun. Tun da hantsi ruwa ya fara shiga gidaje, aka kwaso Yagana da 'yan tsummokaranta aka kawo ta wurina, tunda gidana a kan tudu yake. Da azahar sai ga wayarsa, hanya ta yanke, ba zai iso ba sai gobe. Ya ce, "Indo, bar hatsi, bar katifa. Fayafayai. Ki ceto min fayafayai."

Na fita da gudu na sami wani masunci da kwalekwalensa, mutumin wajen Kirikasamma, na kwatanta masa gidan, na gaya masa saƙon maigidan, na ce ya shiga ya kwaso duk wani faifai da ya gani, kada ya bar ko ɗaya. Ni shashasha ban ƙara kalma ɗaya a kai ba. A kaina faifai a gidan Bukar ai sananne ne. Mutumin da bai taɓa ganin garmaho ba a rayuwarsa kuwa, faifai ɗaya ya sani.

Bayan la'asar ya dawo yana murmushi, kwalekwale shaƙe da faifan kaba, ja da kore da ruwan ɗorawa, ko ɗaya bai jiƙe ba. Har da na rufe tulu ya haɗo. Ya ce ya ga wasu akwatuna a zaure amma bai taɓa ba, shi ba ya taɓa abin da ba a aike shi ba. Na ce ya koma, ya ce ruwa ya yi ƙarfi, ko uwarsa ce a ciki sai da safe. Nan na gane irin ɓarnar da na yi.

Kafin in buɗe baki, Yagana ta fito. Ta tambayi wanda ya sa aka kwaso, masuncin ya ce ai maigidan ne ya bugo waya ya ce a bar komai a ceci fayafayai. Matar nan ta zauna daɓas a ƙasa ta rungumi fayafayanta ta fashe da kuka. Shekara arba'in, ta ce, ashe yana ganin su.

Da sassafe Bukar ya iso a bayan babur, taɓo har gwiwa. Ya shigo tsakar gida ya ga tulin kaba, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Na ga ya gane komai a take. Bakinsa ya buɗe, na ce yau taubasantaka ta ƙare. Sai Yagana ta taso ta durƙusa a gabansa tana sa masa albarka, tana cewa nata ya fara tunawa kafin nasa. Bukar ya dube ta. Sannan ya ce, "To da na wa zan fara, Yagana?"

Ya juya ya fita. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, ya tuɓe riga, ya ari babban daro, ya shiga ruwa iya ƙirji, domin bangon zauren ya zube, kwalekwale ba ya shiga lungun. Mutane suka taru a kan tudu suna kallo, wasu na cewa a kama shi. Wa zai kama shi? Sawu tara ya yi da daro a ka, yana lalube da ƙafa cikin taɓo. Ni dai ban taɓa ganin abu irin wannan ba, tsigar jikina har yau tana tashi in na tuna. Da aka zo shanya, Yagana da kanta ta shimfiɗa fayafayanta a inuwa, aka ɗora kowane baƙin faifai a kan na kaba. Ya tsira da mafi yawansu.

Akwatin da bango ya danne ne ba a samu ba. Jan faifai yana ciki.

Bai taɓa faɗa wa kowa gaskiyar abin da ya faru ba. Majalisa ta ci gaba a zauren da aka sake ginawa, in wani ya ce a sa mai jan tambari sai ya ce allura ta gaji. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai shekara uku, ko tsokanarsa na kasa yi da daɗi. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na sami lokacin da Yagana ta fita ɗora ruwan zafi, na matsa kusa na ce Bukar, ka yafe min jan faifai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce yau uwargijiya ce ke roƙon bawa? Da ya sami numfashi sai ya ce, "Waƙar tana kaina, Indo, ba inda ta je. Amma kallon da Yagana ta yi min ran nan, na zaga Legas da Anacha shekara da shekaru ban ga inda ake sayar da shi ba. Ke kika samo min. Ki dai riƙe bakinki."

Na riƙe. A zaman makoki Yagana ta gaya wa duk matar da ta shigo cewa ranar ruwa nata ya fara cetowa, ina zaune kusa da ita ina cewa haka aka yi. Sai bara da ita ma ta bi shi na sami bakin ba da labarin nan, kuma ko yanzu ina jin kamar zai leƙo ya harare ni.

Ina kewarsa ƙwarai, ba na ɓoyewa. Allah Ka jiƙan Bukar, Ka jiƙan Yagana. Yadda ya haɗiye asararsa don kada ya ɓata mata farin ciki, ya Allah Ka rufe nasa kurakuran haka, Ka haɗa su a gidan da ruwa ba ya ci. Amin.