Shekarar da Taubashina Ya Yi Tsargiya

Mahaifina ya raba aikin lambun albasarmu na Gehuru kashi uku, kuma ba ya son a taɓa masa rabo. Manya su yi dashe da ban ruwa. Taubashina, ɗan kawuna da ya tashi a gidanmu, ya tsaya cikin tabki yana cika guga yana miƙawa. Ni kuwa in tsaya bakin shinge in kori awaki. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Ni da shi sa'o'in juna ne, har na girme shi da 'yan watanni.

A ranin nan ya fara fitsarin jini. A garinmu ba a ɗauki tsargiya ciwo ba. Idan yaro ya ga ja a ƙarshen fitsarinsa, cewa ake yi ya kawo ƙarfi. Mahaifina kuma yana da doka: ba a tafiya da yaro kai albasa kasuwar Aliero, sai wanda ya zama namiji. Ni ko babu abin da nake so kamar in hau kan buhunan nan in ga Aliero.

Bayan shinge taubashina ya kira ni ya nuna mini a ƙasa.

"Zo ka gani, sarkin awaki. Ka taɓa yin irin wanga?"

"Wannan ai ƙazanta ce," na ce.

"To yi taka mu gani."

Kafin la'asar labari ya kai gida. Kakarmu, wadda ke kiran mu mazanta, ta ƙara masa fura, ta dube ni ta ce, "Wanga shi ne mijina yanzu. Kai kau na sake ka, sai ka kawo shaida." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na tsara abin da zan yi. Da farko na sami mahaifina.

"Baba, a maida ni ga ruwa."

"Wa zai tsare awaki?"

"Shi."

"Awaki sun saba da kai. Koma wurinka."

Na biyu, na tambayi taubashin nawa abin da ya ci ko ya sha. Ya ce sirrin manya ne, ba a faɗa wa yara. Na uku, na yanke shawarar cewa daga ruwa abin yake, tunda duk yaran da suka yi masu shiga ruwa ne. Tabkinmu yana gaban idon mahaifina, kuma na raina tabkin: ruwa ne kwance, duk kainuwa da ciyawa. Na ce idan ƙaramin ruwa ya ba shi, babba zai fi ba ni. Saboda haka bayan azahar, in awaki sun kwanta, sai in tafi gulbi, in wuce ciyawar baki, in tsaya tsakiya inda ruwa ke gudu kan yashi. Kullum da safe ina dubawa. Ban samu komai ba sai mura da kaushi.

Da aka cire albasa, motar kaya ta zo. Aka ɗora taubashina kan buhuna da hular mahaifina ta biyu. Ya leƙo ya ce, "Mi za a sawo ma? Igiyar akuya?" Ya dawo yana kiran sunayen dillalai kamar tare suka girma.

Shekara ta zagayo, wani malamin asibiti ya zo daga Jega ya tara mutane a ƙofar mai gari. Ya yi bayani daki-daki, yadda nake son magana. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsa ya fita. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin ya shiga jikin 'yar katantanwa. Katantanwar tana zama a ruwa mai kwanciya da ciyawa, ba ta son mai gudu. Daga jikinta ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar wanda ya tsaya a ciki, su girma a jikinsa, su yi ƙwai, a sake komawa farko. A nan na gane abin da na nema a gulbi yana cikin tabkin da na raina.

A lokacin taubashina ya rame, yana kama mara in zai yi fitsari. Na ji tausayinsa, amma shi aka goya a keke zuwa Jega karɓar magani, aka saya masa shayi da burodi, ni ina bakin shinge.

Da aka fara ɗinke buhunan wannan shekarar, na sake samun mahaifina.

"Baba, kun ji abin da malamin nan ya ce. Ciwo ne, ba girma ba. Ni ne babba. Bana da ni za a tafi."

Ya ci gaba da ɗinkinsa, sannan ya ce, "Gaskiyarka, ciwo ne. Amma shi ya riga ya san dillalai, su ma sun san shi. Ba ni sake sabon hannu."

Ban ga kasuwar Aliero ba sai bayan na yi aure. Ranar ma taubashina ne a gaba, yana gaya wa mutane cewa ni ɗan gidansu ne.