Kukar tukunya ta samu mai ita

Jama'a, yau na ga abu!

Na shigo gidanmu a Safa ɗauke da 'yar bishiyar kuka a tukunya, irin da ake datsewa a hana ta tsawo, bonsai. Ƙanwata Maryam na saya wa, jibi za ta tafi karatu Kanada. Mai shagon ya ce a ɗaki mai ɗumi, kusa da taga, za ta rayu.

Kakarmu, wadda rabonta da ƙasar Hausa shekara arba'in, ta shafa ganyen, ta sunsuna, idonta ya ciko.

"Kuka ce! Daga ina?"

"Hajiya, ta Maryam ce fa."

"Shi ke nan, nemo mata wata. 'Yar garinmu ce, ba za ta ƙasar ƙanƙara ba."

Yanzu tana gefen gadonta, suna ta hira.

Ku faɗa min, waye zai iya ƙwace ta?